Jaraba da Harin Iblis: Amsoshin Tambayoyin da Masu Bi a Kano Suke Yawan Yi Mini

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ajin baftisma da na matasa a wata majami'ar Hausa da ke Sabon Gari, sauran ranakun mako kuwa ina sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau. Yawancin tambayoyin nan ba a cikin aji aka yi mini su ba. Wani a bakin ƙofa yake tare ni bayan an tashi sujada, wani ya kira da tsakar dare, wani kuma ya biyo ni har rumfa kamar zai sayi gero, ya zauna a kan buhu ya yi shiru, sai can ya ce, "Baba, akwai magana." Na tattara su a nan, na cire sunayen masu su.

Idan mugun tunani ya zo mini, na riga na yi zunubi ke nan?

A'a. Ibraniyawa 4:15 ta gaya mana an jarabci Yesu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Da jaraba kanta zunubi ce, da ba a faɗi haka a kansa ba. Mai talla tana iya yin sallama a ƙofar gidanka ba kai ka kira ta ba. Kai ne dai mai cewa ta shigo ta sauke faranti, ka fara taya.

Yakubu 1:14-15 ya kwatanta abin da ɗaukar ciki: sha'awa ta yi ciki, ta haifi zunubi, zunubi ya girma ya haifi mutuwa. Ciki kuwa ba ranar da aka ɗauke shi ake haihuwa ba. Tsakanin tunanin farko da aikatawa akwai tazara, wani lokaci ta mintoci, wani lokaci ta watanni, kuma a cikin tazarar nan ake yin yaƙin. Na sha ganin matasa masu tsoron Allah da gaske sun karaya, suna ganin tunda tunanin ya riga ya shigo ai an gama da su, gara su ƙarasa. Wannan ƙarya ce, ita ce ma jaraba ta biyu, kuma ta fi ta farkon haɗari.

Allah ne yake jarabtar mu?

Yakubu 1:13 ya rufe wannan ƙofa: Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. Yana barin gwaji ya same mu, kamar yadda ya bar shi ya sami Ibrahim da Ayuba, domin bangaskiya ta yi ƙwari. Abu ɗaya yana iya zama gwaji daga wajen Allah, Iblis kuma ya mai da shi tarko. Rashin aiki ne, alal misali: Allah yana koya maka dogara, Magabci kuma yana nuna maka aljihun wani. Alkawarin da nake riƙe da shi yana 1 Korantiyawa 10:13, cewa Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, kuma tare da jarabar zai buɗe mafita.

Yaya zan gane ko Iblis ne ko kuwa zuciyata ce?

Bari in amsa da abin da ya faru da ni. Wata shekara kuɗin makarantar yara uku ya taso mini lokaci guda, ga kuma wake da na ajiye ƙwari sun huda kusan rabinsa. Yaron rumfata ya ce mini abin da kowa ya sani a kasuwa: a zuba mai kyau a gindin buhu, a cusa hudajjen a tsakiya, a rufe baki da mai kyau. Mai saye daga kudu yana sauri, ba kowane buhu zai soka ƙarfe ya duba ba. Na yi shiru. Shiruna kuwa izini ne, shi ma ya sani. Aka ɗinke buhu ashirin ranar Asabar.

Lahadin nan Jibin Ubangiji ne, wato ranar da masu bi suke cin gurasa tare don tunawa da mutuwar Yesu. Ina daga cikin masu rarraba gurasa. Na riƙe farantin ina bin layi layi ina miƙa wa mutane, hannuna yana rawa, kuma da aka zo kaina na kasa ɗauka. Karin Magana 11:1 ce take ta yawo a kaina, inda aka ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ranar Litinin da sassafe na ɗauki basilla da kaina na farke ɗinkin, muka juye a tabarma muka tsince, na sayar da hudajjen a kan kuɗinsa. Na yi asara, yaro ɗaya ya zauna a gida mako uku kafin in haɗa kuɗinsa.

To, ina Iblis a cikin labarin nan? Ban gan shi a mafarki ba, ban ji wata murya ba. Akwai bukata ta gaskiya, akwai kwaɗayina, akwai kuma kasuwar da ta mai da algus kamar ba komai ba. Shi kuwa yana tsaye a bayansu duka yana zuga. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Afisawa 4:26-27 ta ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi, kada ku ba Iblis ƙofa, wato mu ne masu buɗewa. Shi ya sa ba na ɓata dare ina lissafin kashi nawa nasa ne, kashi nawa nawa. Ina neman tsagar ne in liƙe. Mutumin da yake cewa "aikin Shaiɗan ne" duk lokacin da aka kama shi, bai fara tuba ba tukuna.

Me za mu koya daga jarabar Yesu a jeji?

Ka karanta Matiyu 4:1-11 a hankali. Bayan azumin kwana 40 ne Iblis ya zo, lokacin da yunwa ta kai maƙura. Haka yake yi har yau: ƙarshen wata, bayan faɗa da maigida, daren da aka ɗauke wuta ga zafin watan Afrilu barci ya ƙi zuwa. Ka san lokacin rauninka kamar yadda ka san hanyar gidanka.

Sau uku Yesu ya amsa, duka ukun kuma daga Maimaitawar Shari'a ya ɗauko, sura 8 da sura 6. Bai buɗe littafi a jeji ba, a ka yake da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila na Zariya ya ba shekaru masu yawa na rayuwarsa tare da Hausawan da suka taimaka masa, yau kuma yana cikin waya kyauta. Iyayenmu da suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci sun haddace surori sukutum. Ina roƙon matasa su fara da aya ɗaya a mako, wadda ta dace da ciwonsu: mai fushi ya riƙe Yakubu 1:19-20, mai tsoro ya riƙe Ishaya 41:10.

Abu ɗaya kuma da ake yawan tsallakewa: Iblis ma ya jawo Nassi, Zabura 91 ya karanto wa Yesu. Wannan zaburar ce wasunmu suke buɗewa su tura ƙarƙashin matashi, ba su karanta ba, ba su yi biyayya da ita ba. In haka ne an mai da ita laya ke nan.

Mene ne makaman Allah da ake faɗa a Afisawa 6?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ya ga 'yan sulke da 'yan lifidi, kwalkwali a ka, garkuwa a hannu, takobi a rataye. Ba Bakanon da zai ce bai gane hoton da Bulus ya zana ba. Ya rubuta wasiƙar ne yana ɗaure da sarƙa, sojan Roma yana tsaronsa. Gaskiya ita ce ɗamara, adalci sulke, shirin kai bisharar salama takalmi, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, Maganar Allah takobin Ruhu, sannan addu'a a kowane lokaci.

Wasu sukan tashi da safe su ambaci kayan nan ɗaya bayan ɗaya suna cewa sun saka. Ban hana ba, in yana tuna musu. Amma ɗamarar gaskiya ana ɗaura ta ne lokacin da matarka ta tambaye ka nawa aka biya ka, ka faɗi adadin. Wanda ya yi ƙarya da rana, ya zo addu'ar dare yana ɗaure aljanu da ihu, ɗamararsa a kwance take. Ka lura kuma da kalmar da Bulus ya yi ta maimaitawa a wurin: ku tsaya, ku dage. Bai ce mu fita farautar aljanu ba.

Ina fama da sha'awa da kallon batsa a waya. Na yi addu'a, na yi alkawari, na koma. Me zan yi?

Ɗana, ga abin da na lura. Game da Iblis, Yakubu 4:7 ya ce ku yi tsayayya da shi, zai guje muku. Game da fasikanci kuwa, 1 Korantiyawa 6:18 da 2 Timoti 2:22 cewa suka yi ku gudu. Mu kuma mun juya abin, muna gudun Iblis, muna tsayawa gardama da sha'awa. Yusufu bai zauna yi wa matar Fotifar wa'azi ba, rigarsa ya bari a hannunta ya fita waje. Dawuda kuwa, a lokacin da sarakuna suke fita yaƙi ya zauna a gida, ya tashi daga kwanciya da yamma yana yawo a kan bene, idonsa ya faɗa kan matar wani tana wanka, ya ƙi ɗaukewa.

Gudu a zamaninmu yana da kamanni. Kada waya ta kwana a gadonka, ka bar ta tana caji a falo ko ka ba ɗan'uwanka. Ka fita daga rukunin WhatsApp ɗin nan, ka goge lambar nan, kai ma ka san wadda nake nufi. In data mai arha ta tsakar dare ce take kai ka, ka daina sayenta. Sannan ka sami namiji mai bi wanda ya girme ka, ka gaya masa, ka ba shi izinin ya tambaye ka kowane mako ido da ido. Alkawarin da ka yi kai kaɗai a ɗaki, kai kaɗai za ka karya shi, ba mai sani.

Baba, wani mai aure ne yake biya mini haya da kuɗin makaranta. In na rabu da shi ina zan nufa?

'Yata, ba zan yi miki ƙarya in ce zai zo da sauƙi ba. Wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kin kuma san kuɗin nan ba kyauta ba ne. Ki rabu da shi, amma kada ki yi ke kaɗai. Ki sami uwa ɗaya a Zumuntar Mata mai riƙe sirri, ku je wurin fasto tare. Maganata ta biyu ga ikilisiya ce: in muka ce wa yarinya ta bar zunubi, muka bar ta ba wurin kwana, Yakubu 2:15-16 a kanmu take. Baikon taimako da muke tarawa, irin wannan ranar aka yi shi domin ta.

Giya, ƙwaya da caca fa? Aljani ne ko hali?

Sabo ne da ya zama sarƙa, kuma yana kama jiki da ƙwaƙwalwa, ba ruhu kaɗai ba. Mu mazauna Sabon Gari mun san ba sai an yi tafiya mai nisa ba, daga ƙofar majami'a zuwa mashaya taku kaɗan ne. A watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa da matan aure, musamman a nan Arewa, amma masu sha sun koma wasu ƙwayoyin. Cacar ƙwallo kuma ta bar shago ta shiga aljihu.

Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya ko giya sosai, in ya yanke rana ɗaya yana iya yin rawar jiki, ya ruɗe, wani har ya yi jijjiga. Wannan aikin likita ne. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zuwa can kuma ba rashin bangaskiya ba ne. A yi addu'a, a kai shi asibiti, a canja masa hanyar dawowa gida, albashinsa ya shiga hannun wanda aka yarda da shi na ɗan lokaci. Ɗaure mutum da mari a gidan addu'a ana dukansa wai ana fitar da aljani zalunci ne, ba sunan Yesu a ciki.

Na tsinci laya da ƙwai a ƙofar shagona. 'Yan'uwa sun ce in je a karya sammun. In je?

Wata uwa a majami'armu mai sayar da kayan miya ta zo mini da irin wannan, ta ƙunso abin a baƙar leda, ta riƙe shi nesa da jikinta. Ƙwai ne aka naɗe da jan zare, da 'yar laya ta fata. Kwana uku ba ta buɗe shago ba, ƙaninta kuma ya riga ya samo mata wani mai magani a ƙauye. Muka je mu huɗu da fasto, muka karanta Kolosiyawa 2:15, inda aka ce Almasihu ya tuɓe wa masu mulki da masu iko makamansu a kan gicciye, ya kunyata su a fili. Muka yi addu'a gajeriya, muka ƙone abin a bakin kwata, ita da kanta ta ɗauki tsintsiya ta share wurin, ta jera tumatir da attaruhu. Asarar da ta yi duka ta kwana ukun nan ce da tsoro ya rufe mata shago.

Ban ce ikokin duhu babu su ba. Littafi bai ce haka ba, wanda kuma ya tashi a gidan da ake girka bori ya san ba wasa ba ne. Abin da 1 Yahaya 4:4 ta ce shi ne wanda yake cikinmu ya fi wanda yake cikin duniya girma. Harin na gaske a irin wannan rana ba ƙwan ba ne, muryar da take cewa "je ka nemi taimako, ai Allah ya ce tashi in taimake ka" ita ce. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta duba da sihiri da tambayar matattu ƙarara. A Afisa, waɗanda suka tuba sun tara littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a, aka lissafa kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:19). In akwai guru ko laya da kaka ta ba ka tana ƙasan akwati "saboda tsaro", ka fito da ita.

Zan ƙara da abin da yake ci mini rai. Akwai boka mai riƙe da Littafi Mai Tsarki. Yana sayar da mai da ruwa da gishiri, yana sa kuɗi kafin ya ɗora hannu, kuma kullum sai ya gano maka mayya a cikin danginka: surukarka, kishiyar uwarka, wani lokaci ma ƙaramar yarinyar da kake riƙo. Na ga gidaje sun watse a kan haka, na ga tsohuwa tana kuka ɗanta ya daina cin abincinta. Lokacin da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus cewa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Duk wanda ka fito daga wurinsa tsoronka ya ƙaru, aljihunka ya ragu, kana zargin jininka, kada ka koma.

Ina yawan mugun mafarki, wani lokaci dannau ya danne ni. Hari ne?

Ka yi addu'a kafin ka kwanta, in ka farka a firgice ka kira sunan Yesu, ka karanta Zabura 4:8, ka koma barci. Amma ka duba jikinka ma. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo mafarkai masu ban tsoro, haka rashin barci da damuwa. Dannau kuwa yakan faru ne idan hankali ya farka jiki bai gama farkawa ba, ya kan wuce cikin ɗan lokaci. Farfaɗiya ciwo ce mai magani, ba a kuma ɗaukarta ta taɓa mai ita. Lokacin da Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci ne da ruwa, ya bar shi ya yi barci, har sau biyu (1 Sarakuna 19). Wanda kuwa yake jin yana so ya kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya, a kai shi ga likita.

Tun tashin bama-bamai nake jin tsoro da ƙiyayya a zuciyata. Wannan ma jaraba ce?

Ita ce wadda ba mu cika kiranta da sunanta ba. Wanda yake Kano ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 ba zai manta ƙarar nan ba. A watan Afrilu na shekarar aka kai wa masu sujada hari a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, a watan Maris 2013 kuma bam ya tashi a tashar motocin New Road a nan Sabon Gari. Mun binne mutane. Har yau akwai waɗanda in tayar mota ta fashe sai gabansu ya faɗi, ban kuwa ga laifinsu ba.

Amma ka tuna, a watan Nuwamba 2014 Babban Masallacin Juma'a na cikin gari aka kai wa hari, aka kashe masallata fiye da 100. Maƙwabcin rumfata a Dawanau, wanda yake tsare mini kaya in na tafi jana'iza, shi ma ya yi kuka a shekarun nan. Afisawa 6:12 ta ce famarmu ba da nama da jini ba ce. Ranar da ka fara kallon mai adaidaita sahu ko mai shayin unguwarku a matsayin Magabci, Iblis ya samu abin da bam bai ba shi ba. Romawa 12:17-21 ta hana mu rama mugunta, ta ce mu rinjayi mugunta da nagarta. A sa masu gadi a ƙofar majami'a, a yi hattara, wannan hikima ce. Sannan ka ambaci sunan maƙwabcinka Musulmi ɗaya a addu'arka kowace safiya, ka gaishe shi da sallah, ka je masa ta'aziyya. Ni wannan ne ya warkar da ni, a hankali, cikin shekaru.

Dole ne in yi azumi?

Yesu ya ce "sa'ad da kuke azumi", wato ya ɗauka za mu yi. 'Yan'uwanmu Katolika da Angilika suna da na kwana 40 kafin Ista, wasunmu kuma a farkon shekara. Yana koya wa jiki jin "a'a". Ba ya sayen Allah, ba ya kuma maye gurbin mayar da kuɗin da ka ci. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga ko gyambon ciki, su tambayi likita tukuna.

Na sake faɗuwa bayan na yi baftisma. Akwai sauran hanya?

Akwai. A dare ɗaya Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, shi da ya rantse zai mutu tare da shi. Tun kafin abin ya faru Yesu ya gaya masa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe su kamar alkama, amma ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in ya juyo kuma ya ƙarfafa 'yan'uwansa (Luka 22:31-32). Ni mai hatsi na san sheƙa: ana ɗaga ƙwarya sama, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsabar ta zubo ƙasa. Bayan tashinsa daga matattu, a bakin teku, sau uku ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa, ya mayar masa da aikinsa.

Ka bambance muryoyi biyu. Ruhu Mai Tsarki yakan nuna maka takamaiman abin da ka yi, ya ce tashi ka gyara. Mai ƙarar 'yan'uwa kuwa, wato Iblis, cewa yake kai munafuki ne, kada ka ƙara taka majami'a. Ka furta wa Allah yau, bisa ga 1 Yahaya 1:9, da kalmomin Zabura 51 in naka sun ƙare. In akwai hakkin wani ka mayar, ko da kaɗan kaɗan ne. Sannan Yakubu 5:16, ka gaya wa mutum ɗaya. Ba sai ka tsaya gaban jama'a lokacin shaida ba, ba kuma kowa ake gaya wa ba: namiji ya nemi dattijo, mace ta nemi uwa, wanda ba a taɓa jin maganar wani a bakinsa ba. In horon ikilisiya ya biyo baya, ka karɓa, ka zauna a bencin baya in ya kama, amma ka zo.

Wanda yake jin nauyin farawa, ba sai ya shirya dogon bayani ba. Ranar Lahadi bayan an sa albarka, dattawa mukan tsaya a ƙofar gefe muna gaisawa da mutane har a watse. Ka riƙe hannun ɗayanmu ka ce, "Baba, ina son ganinka." Za mu ja benci zuwa inuwa mu zauna.